Ɓarkewar Ƙwari a Dazuzzukan Arewacin Duniya: Abin da ke Faruwa a Ƙarƙashin Ƙasa Bayan Ganye ya Ƙare

A watan Yulin 2024 gobarar daji ta shiga garin Jasper da ke lardin Alberta na ƙasar Kanada, ta lashe kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin. Tun hayaƙi bai lafa ba gardama ta kaure. Wasu suka ɗora laifin a kan matattun bishiyoyin da wani ƙwaro ya kashe shekaru kaɗan kafin nan, aka bar su a tsaye. Wasu kuma suka ce zafi da fari da iska ne, ko da ƙwaro ko babu dajin zai ci wuta. Mai bin labarin daga nesa zai ɗauka cewa abin da ɓarkewar ƙwari ke bari ke nan, busasshen itace mai jiran ashana. Masu nazarin daji kuwa sun daɗe da lura cewa babban sauyin yana faruwa ne inda kyamara ba ta kaiwa, a cikin taƙi ɗaya na ƙasar da ke gindin bishiya, kuma daga can ake gane ko dajin zai dawo ko ya tafi ke nan.

Wane daji, waɗanne ƙwari?

Dajin da ake magana shi ne wanda ya naɗa wa saman duniya rawani. Ya taso daga Alaska, ya ratsa Kanada, ya tsallaka zuwa Norwe da Suwidin da Finlan, ya miƙe cikin Rasha har ƙarshen Saberiya. Rashawa na kiransa taiga. Kusan kashi 30 cikin 100 na dazuzzukan duniya a nan suke, amma ire-iren bishiyoyinsa ba su taka kara sun karya ba. Akwai masu ganye kamar allura da ba sa kaɗewa da hunturu, irin su fayin da sifurus da balsam, sai betula mai farin ɓawo, wadda ke riƙe da bakin iyaka a arewacin Turai, inda daji ke ƙarewa a shiga filin da sanyi ya hana bishiya tsayuwa.

Ƙwarin da ke ɓarkewa kashi biyu ne, kuma wannan bambanci shi ke juya duk abin da zai biyo baya. Na farko masu cin ganye ne, wato tsutsotsin faɗa-wuta, dangin malam-buɗe-littafi masu yawon dare. A arewacin Turai iri biyu suka fi ɓarna a kan betula. Tsutsarsu na tafiya tana lanƙwashewa tana miƙewa kamar mai awon yadi da taƙi, shi ya sa a harshen Norwe da na Finlan duka sunanta ke nufin "mai awo". Takan yawaita duk bayan shekara 9 zuwa 10. A gabashin Kanada kuwa tsutsar tohon sifurus ce, mai ɓarkewa duk shekara 30 zuwa 40. A shekarun 1970 ta mamaye fiye da hekta miliyan 50, kuma sabuwar ɓarkewar da ta faro a lardin Kebek a 2006 ta haura hekta miliyan 13 a 2020.

Na biyu masu huda ɓawo ne. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne ƙwaron fayin na yammacin Kanada, wanda bai wuce ƙwayar shinkafa girma ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 ya shafi fiye da hekta miliyan 18 a lardin British Columbia, kusan ninki tara na faɗin Jihar Kano, ya kashe kimanin rabin fayin ɗin da ya isa sara.

Akwai kuskuren da ya kamata a kawar tun yanzu. Waɗannan ƙwari ba irin tsutsar masarar nan ba ce da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 daga nahiyar Amurka. 'Yan gida ne, an ma tono burbushin tsutsar sifurus a ƙasar fadamun Kebek mai shekaru dubbai. Dajin ya saba da su. Abin da ya sauya shi ne girman ɓarkewar, da daɗewarta, da sababbin wuraren da take kaiwa.

Sai kalmar da za ta riƙa dawowa, saƙar cimaka. Ma'anarta jerin wa-ke-cin-wa a daji, daga ganye zuwa tsutsa zuwa tsuntsu zuwa shaho. An kira ta saƙa ne domin zarurrukan a sarƙe suke, in aka ja ɗaya sai wani ya motsa a inda ba a zata ba. Kuma wani babban sashe nata a binne yake.

Cinikin da ke gudana a gindin bishiya

A ƙasar Hausa ganyen da ya faɗi ba ya daɗewa, gara da zafi da damina ɗaya sun gama da shi. A dajin arewa babu gara. Tana ma kaɗan ce, a mafi yawan dajin Kanada asali babu ita tun bayan zamanin ƙanƙara. Ƙasar na da sanyi da tsami, tana shafe watanni a daskare, don haka ganye kan yi shekaru bai ruɓe ba, ya taru ya zama katifa mai kauri. Sinadarin naitirojin, wanda manomi ke saye a buhun yuriya, yana nan jibge a cikin katifar, amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa. Ga hatsi a rumbu, babu tsani.

Tsanin shi ne funfunar saiwa. Wata irin funfuna ce da ke naɗe bakin ƙananan saiwoyi kamar safa, ta kuma baza zaruruwa da suka fi gashi siranta cikin ƙasa. Da su take narkar da ruɓaɓɓen ganye ta kwaso naitirojin da fosfaros da ruwa ta miƙa wa bishiya. Ita kuma bishiya ta biya ta da sukarin da ganye ke haɗawa daga hasken rana. Laimar kwaɗin da ke fitowa da kaka 'ya'yan wannan funfuna ne kawai, jikinta yana ƙasa. Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne, kuma duk wata bishiyar fayin ko sifurus ko betula da shi take rayuwa.

Wani gwaji da Peter Högberg da abokan aikinsa suka wallafa a 2001 ya nuna girman cinikin. A wani dajin fayin na arewacin Suwidin suka zagaye gindin bishiyoyi suka ɗaye ɓawon, yadda sukari ba zai sauka ba, ganye kuwa yana nan kore shar. Cikin kwana 5 iskar kabon da ƙasa ke fitarwa, wadda ita ce numfashin saiwoyi da halittun cikinta, ta ragu da har kashi 37 cikin 100, cikin wata ɗaya zuwa biyu ta ragu da fiye da rabi, laimar kwaɗi kuma ta kusa ɓacewa. Wato rabin rayuwar ƙasar ba a kan tsohon ganye take ba, a kan abin da bishiya ta dafa ne a makon nan. Wani bincike na 2013 a tsibiran tafkunan arewacin Suwidin ya ƙara da cewa kashi 50 zuwa 70 na kabon da ke ajiye a ƙasar ya fito ne daga saiwoyi da funfunarsu.

A kan zaruruwan nan wasu ke kiwo: mitsi-mitsin halittu masu kama da kaska, da wasu masu tsalle, da siraran tsutsotsin da ido ba ya gani. Su kuma gizo-gizo da ƙwarin ƙasa ke ci, har abin ya kai ga jaɓa da tsuntsaye. Masana kan ce abinci na bin hanya biyu a cikin ƙasa. Akwai hanyar funfuna, mai tafiyar hawainiya da tattali, sai hanyar bakteriya, mai saurin ci da saurin zubarwa. Lafiyayyen dajin arewa a kan ta farko yake.

Shekarar farko: yayyafin taki

A ƙarshen Yuni, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Abisko da ke arewacin Suwidin, dajin betula kan kasance a tsakiyar korensa. A shekarar ɓarkewa kuwa sai a tarar da rassa tsirara kamar hunturu ya dawo, zaren tsutsa na lilo daga kowane reshe yana maƙale wa mai wucewa a fuska, ga kuma wani ƙara-ƙara a ƙasa kamar yayyafi. Kashin tsutsa ne ke zuba, baƙaƙen ƙwayoyi kamar nikakken barkono, har ya rufe gansakuka da duwatsu.

Ga abin da wannan yake nufi. A shekarar da babu tsutsa, bishiya kan janye kusan rabin naitirojin ɗin ganyenta ta adana kafin ta sake shi da kaka, sai ƙasa ta samu busasshen ganye maras maiƙo. Tsutsa kuwa ɗanye take yankarsa, tun yana cike da sinadari, kuma mafi yawan abin da ta ci ta baya yake fita. A haɗa da guntattakin ganye da gawarwakin tsutsotsin da yunwa ta kashe, sai ƙasa ta samu taki mai ƙarfi a tsakiyar bazara, kamar gonar da garke ya kwana a ciki. Bambancin dai shi ne da hatsin mai gonar aka ciyar da garken.

Bakteriya ne ke fara cin gajiya, su wawure takin cikin kwanaki. Rana na kaiwa ƙasa tunda inuwa ta tafi, ƙasa ta yi ɗumi, danshi ya zauna saboda babu ganyen da zai zuƙe ruwa. A daidai lokacin kuma bishiya ta tsuke bakin aljihu, ta rage sukarin da take aika wa funfunar saiwa domin ta sake toho. A ɓarkewar 2004 a Abisko, kabon da dajin ke zuƙewa daga iska a lokacin tsiro ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Duk da haka, in shekara ɗaya ce ko biyu, betula kan farfaɗo, cinikin ya koma yadda yake.

Idan tsutsa ta ƙi tafiya

Matsalar tana cikin maimaici. Tsakanin 2002 da 2008 tsutsa ta cinye kimanin murabba'in kilomita 10,000 na dajin betula a arewacin Norwe da Suwidin da Finlan, kusan kashi ɗaya cikin uku na dajin yankin. A wajajen Varanger da ke Finnmark, can ƙuryar arewacin Norwe, irin tsutsar da aka saba da ita ta fara, tana lafawa sai ɗaya irin, wadda a da sanyi ke tsare ta a kudu da bakin teku, ta karɓa. Tsugune ba ta ƙare ba. Bishiyar da za ta iya jure shekara biyu ta sha huɗu ko biyar a jere, ajiyarta ta ƙare, kuma a wurare da dama mafi yawan bishiyoyin suka mutu.

Da ganyen sama ya ƙare, tsutsotsin suka sauko kan ƙananan tsirrai. Wanda ya fi shimfiɗe dajin shi ne wani ɗan tsiro mai baƙaƙen 'ya'ya da mutanen Norwe ke kira krekling. Dabbobi ba su cika cinsa ba, ganyensa na fitar da sinadarin da ke hana irin wasu tsirrai tsirowa, kuma ba ya saurin ruɓewa. Shi ne mai gadin tsohon tsari. Da ya bushe, ga taki ga rana, sai wata siririyar ciyawa ta mamaye wurin, daji mai duhun ƙasa ya koma makiyaya da matattun itatuwa a tsaye.

A ƙarƙashi, binciken da aka yi a Finlan da Suwidin ya nuna funfunar saiwa ta ragu ƙwarai, ire-irenta masu buƙatar sukari da yawa suka ja baya, masu cin mushen itace da saiwa suka samu fili, naitirojin kuma ya taru a ƙasa. A nan masana suka rabu wajen fassara. Wani rukuni, bisa abin da suka auna a arewacin Finlan, na ganin ƙasar ta koma hanyar bakteriya, komai na juyawa da sauri, har fararen tsutsotsin ƙasa sun ƙaru. Waɗanda suka auna a Abisko bayan ɓarkewar 2012 suka ga numfashin ƙasa a kusa da bishiyoyi ya ragu, suka ce taruwar naitirojin alama ce ta cewa mai kwasarsa ya tafi, harkar ma ja da baya ta yi. Maganganun biyu ba lallai su ci karo ba, domin wani ya auna ne a shekarar da abin ya faru, wani kuma bayan ciyawa ta kafu. Abin da suka haɗu a kai shi ne ragamar ƙasar ta fita daga hannun bishiya.

Wannan na da tasiri a kan dawowar daji. Ɗan tsiron betula na buƙatar funfunar da zai ƙulla ciniki da ita, sannan sai ya yi kokawa da ciyawa mai kauri kafin ya ga rana. Tarihi ya riga ya nuna misali: a Utsjoki, can ƙuryar arewacin Finlan, ɓarkewar tsakiyar shekarun 1960 ta kashe daji mai faɗi, kuma har yau wani sashe nasa fili ne.

Ƙwaron ɓawo: kisa ba tare da taki ba

Ƙwaron fayin ba ruwansa da ganye. Macen kan huda ɓawo ta saki wani ƙamshi mai kiran 'yan'uwanta. Bishiya na kare kanta da ƙaro, tana turo shi ya toshe ramin ya kashe mai shiga, amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. In ɗaruruwa suka taru a lokaci guda ƙaron kan ƙare. 'Ya'yansu su cinye ɓargon da ke ƙarƙashin ɓawo, wata funfuna mai rina itace shuɗi da suke ɗauke da ita ta toshe hanyar ruwa. Gwajin Högberg ke nan aka maimaita a kan miliyoyin hektoci. Bishiyar na nan kore a shekarar farko alhali ta riga ta mutu, shekara ta biyu ta yi ja, bayan nan allurorin su zube ta koma toka-toka.

A Alberta, inda ƙwaron ya tsallako duwatsun Rocky a 2006, an ga ire-iren funfunar saiwa sun ragu gwargwadon yawan bishiyoyin da suka mutu, kuma 'ya'yan fayin da aka shuka a irin wannan ƙasa ba su rayu kamar na lafiyayyen daji ba.

Sai dai abubuwa biyu da aka yi tsoro ba su zo da girman da aka zata ba. An ɗauka naitirojin zai kwarara cikin rafuka kamar yadda yake yi bayan an yi wa daji aski da injin sara. A Colorado ta Amurka aka auna, aka ga ƙarin kaɗan ne. Dalili kuwa, ƙwaron manyan fayin yake zaɓa, ya bar ƙanana da sauran ire-iren bishiyoyi da tsirran ƙasa, kuma bai tona ƙasa ba, sai waɗanda suka tsira suka shanye rarar. Na biyu shi ne kabon. Lissafin da Werner Kurz na hukumar gandun dajin Kanada ya jagoranta a 2008 ya ƙiyasta cewa ɓarkewar British Columbia za ta jawo asarar tan miliyan 270 na kabon tsakanin 2000 da 2020. Na'urorin da aka kafa a cikin wasu matattun dazuzzukan kuwa sun nuna ƙananan tsirrai sun cike giɓin da sauri, numfashin ƙasa ma ya ragu tare da mutuwar saiwoyi, itacen da ke tsaye kuma a hankali yake ruɓewa. Asarar gaskiya ce, amma a shimfiɗe take cikin gomman shekaru.

Wa ya samu, wa ya rasa

A sama, shekarun ɓarkewa kakar tsuntsaye ce. A Kanada akwai ƙananan tsuntsaye iri uku da yawansu ke hawa da sauka tare da tsutsar sifurus, har ana laƙaba musu sunanta. A dajin betula na Suwidin, ƙidayar da ake yi a Ammarnäs tun 1963 ta nuna wani ɗan tsuntsu mai yawon neman inda tsutsa ta yi yawa ya sauka ya yi sheƙa. Maƙwaƙwafi kan yawaita a dajin da ƙwaron ɓawo ya shiga, ramukan da yake sassaƙawa kuma su zama gidajen wasu tsuntsaye da kurege. Ana gama walimar yawansu ke faɗuwa. Akwai kuma ƙananan dangin zanzaro da ƙuda masu saka ƙwai a jikin tsutsa, waɗanda ke taruwa daga ko'ina in ta yi yawa. A lardin New Brunswick na gabashin Kanada an lura sun fi yawan iri a dajin da bishiyoyinsa ke gauraye, ɗaya daga dalilan da ke sa irin wannan daji bai cika shan kashi ba.

Waɗanda cimarsu ta dogara da ƙasa labarinsu ya fi tsawo. A Varanger, da ciyawa ta maye gurbin krekling, ɓerayen daji masu cin ciyawa suka samu gaba, kuma ɓera shi ne tuwon mujiya da yanyawar arewa da shaho. Kurege mai cin ƙwallon fayin ya rasa rumbunsa. Wasu ɓeraye da kurege mai shawagi na Amurka ta Arewa suna tono 'ya'yan funfunar saiwa su ci, su baza irinta a kashinsu, don haka raguwar ɗaya na rage ɗayan. Tsuntsayen Varanger kuwa, a binciken masanan birnin Tromsø na Norwe, ba su sauya sosai ba duk da mutuwar dajin.

Zare mafi tsawo shi ne na barewar karibu ta Kebek. Tsutsa ta kashe balsam, masu katako suka shiga kwashe matattun itatuwa, suka buɗe hanyoyi. Tsirrai masu laushin ganye suka taso, ƙatuwar barewar nan da ake kira mus ta biyo su, kyarkeci ya biyo mus yana bin hanyoyin motoci, ya riƙa cin karo da karibu, wadda dabararta ta tsira ita ce nisantar inda yake. Tsutsa ba ta taɓa karibu ba, amma a inda aka haɗa ɓarkewa da sara, mutuwarta ta ƙaru.

Me ya sa abin ke ƙaruwa

Sanyi ne babban mai gadi. Ƙwan faɗa-wutar betula na kwana a kan reshe duk hunturu, ba ya mutuwa sai sanyi ya kai wajen digiri 36 ƙasa da sifili. Ƙwaron fayin sai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, ko sanyi mai tsanani da ya zo da wuri kafin ya shirya. Irin waɗannan darare suna raguwa. Masanan yanayi na Finlan sun nuna a 2022 cewa tun 1979 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, ke ɗumama kusan ninki huɗu na matsakaicin duniya. Ga fari, wanda ke rage ƙaron bishiya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan farin 2018 ƙwaron ɓawon sifurus ya yi mummunar ɓarna a Suwidin da Jamus da Jamhuriyar Cek.

Amma ɗora komai a kan yanayi rabin gaskiya ne. A British Columbia, shekaru da dama na kashe gobarar daji sun sa tsofaffin fayin, abincin da ƙwaron ya fi so, sun ninka kusan sau uku a ƙarni na 20. A tsakiyar Turai mutane ne suka shuka sifurus zalla, sa'o'in juna, a inda asali daji gauraye yake.

A sare, a fesa, ko a ƙyale?

Masu cewa a sare suna da hujja. Mataccen itace na rasa daraja kowace shekara, garuruwa na rayuwa da katako, kuma busassun itatuwa a bakin gari haɗari ne ga masu kashe gobara. Masu adawa na cewa manyan injuna na danne ƙasa, su tattake ƙananan bishiyoyin da suka tsira, waɗanda su ne ke riƙe da ragowar funfunar saiwa da naitirojin, a kuma kwashe gungumen da ɗaruruwan halittu ke rayuwa a ciki. Awon da aka yi a British Columbia ya nuna filin da aka share ya ci gaba da fitar da kabon shekaru bayan wanda aka ƙyale ya farfaɗo. A killataccen gandun dajin Bavaria na Jamus, da aka kafa a 1970, hukuma ta bar ƙwaro ya yi aikinsa duk da boren mazauna yankin, dajin ya sake tsirowa da kansa. A dajin Białowieża kuwa gwamnatin Polan ta ƙara sara da sunan yaƙi da ƙwaro, Kotun Tarayyar Turai ta yanke a Afrilun 2018 cewa hakan ya saɓa doka.

Batun gobara, inda gardamar Jasper ta tsaya, ya danganta da lokaci. Sa'ad da jajayen allurori ke kan bishiya wuta na saurin hawa sama, bayan shekaru kuma gungumen da suka zube na ƙara mata zafi a ƙasa, wanda ke ƙona katifar da rayuwar ƙasa ke ciki. Gwaje-gwajen lardin Ontario na Kanada sun nuna dajin balsam ya fi haɗari shekara 5 zuwa 8 bayan mutuwarsa. Amma nazarin yammacin Amurka ya nuna faɗin abin da ke ƙonewa a shekara ya fi bin zafi da fari a kan ɓarnar ƙwaro. Kowane ɓangare na riƙe da wani yanki na gaskiya.

Feshi yana da nasa tarihin. New Brunswick ta fara fesa maganin ƙwari na DDT daga jirgin sama a 1952, a 1954 'ya'yan kifin salmon suka mutu da yawa a kogin Miramichi. Maganin da ya gaje shi ya kashe ƙudan zuman da ke yi wa gonakin 'ya'yan itace barbara. Yau an fi amfani da wata bakteriya mai kashe tsutsa kaɗai, kuma tun 2014 lardin ke gwada dabarar kai farmaki kan ƙananan wuraren da tsutsa ta fara taruwa tun kafin ta bazu.

Inda abin ke taɓa mutane

A British Columbia an ƙara yawan itacen da aka yarda a sara domin a ci moriyar matattun fayin. An samu aiki na 'yan shekaru, har rufin wani babban zauren wasannin Olamfik na 2010 da katakon aka yi. Da itacen ya ƙare aka rage adadin, masana'antu suka rufe a garuruwa irin su Quesnel, ma'aikata suka rasa abin yi. Mai tsintar 'ya'yan daji da laimar kwaɗi, da mai farauta, da mai itacen girki, duk suna gani a tukunyarsu. Zaren ma ya miƙo har Sahel, domin akwai ɗan tsuntsu mai jar wutsiya da ke ƙyanƙyasa a dazuzzukan arewacin Turai, ya ciyar da 'ya'yansa da ƙwari da tsutsotsi, ya zo ya yi hunturu a ƙayoyinmu.

Waɗanda abin ya fi matsewa su ne al'ummar Sami, makiyayan barewar rendiya. Dabbobinsu na cin ganyen betula da bazara, suna ƙiba da laimar kwaɗi da kaka, kuma suna amfana da sabuwar ciyawar. Sai dai betular da ta mutu a sama takan sake tohowa daga gindi, kuma wannan tohon rendiya ta fi so. Masu kula da daji na cewa a rage kiwon bazara a inda tsutsa ta yi ɓarna har tohon ya fi ƙarfin baki. Makiyaya na amsawa cewa hanyoyi da ma'adinai da shingayen iyaka sun riga sun ƙuntata musu makiyaya, babu inda za su kai garke.

A Polmak, kan iyakar Norwe da Finlan, akwai shingen waya da ya raba dajin da tsutsa ɗaya ta cinye a shekaru ɗaya. A ɓangaren Norwe, inda rendiya ke zuwa galibi da hunturu, gindin matattun bishiyoyi ya cika da toho. A ɓangaren Finlan, inda ake kiwo duk shekara, tohon kaɗan ne, dajin na buɗewa. Masu awon yanayi sun ƙara wani abu da ya hana lissafin zama mai sauƙi: buɗaɗɗen ɓangaren, da yake dusar ƙanƙararsa ba ta da abin da ya rufe ta, ya fi mayar da hasken rana sama a watannin ƙarshen hunturu.